Tambaya da Amsa: Ƙarfin zuciyar da ake samu a fim da gem, na gaske ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 20, na rubuta jarrabawar JAMB sau biyu ban samu makin da zai kai ni sashen injiniya ba, a karon farko na ci 158, a na biyu 171. Tun daga nan zuciyata ta karaya, har nakan guje wa abokan karatuna da suka samu gurbi. Abin da kawai yake ɗaga ni shi ne kallon fim, musamman na Indiya da aka fassara, inda jarumi yake tasowa daga talauci ya zama wani abu, da kuma buga gem a waya. Idan na gama kallo da dare sai in ji kamar zan iya tunkarar dutse, amma da gari ya waye sai in koma yadda nake. Mahaifina yana cewa mutuwar zuciya ce kawai take zaunar da ni gaban waya. Shin wannan ƙarfin da nake ji na gaske ne, ko yaudarar kaina nake yi? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Abin da kake ji da dare na gaske ne, kuma ba kai ka fara jin sa ba. Kafin a san majigi a ƙasar Hausa, kakanninmu mata suna tara yara a tsakar gida bayan sallar isha, su ce ga ta nan ga ta nanku, su ba da labarin marainiyar da kishiyar uwa ta tura kogi mai nisa ta dawo da arziki, ko na autan da ya kashe Dodo bayan manyan gari sun kulle ƙofofinsu. Ba don yara su yi barci kaɗai ake ba da waɗannan labarai ba. Yaron da aka raina a gida yana jin su ya gane cewa ƙarami ma yana da rana. Haka ɗan dambe yake jin makaɗi ya ambaci sunansa, tsigar jikinsa ta tashi, ya shiga fili da zuciyar da ba shi da ita ɗazu. Sai dai ka lura cewa shi ɗan damben, da zarar an zuga shi, fili yake shiga nan take. Kai kuwa ana zuga ka ne da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, sannan ka ja bargo ka kwanta, kuma a nan matsalarka take.

Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Albert Bandura, wanda ya koyar a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya wallafa nazari a 1977 game da inda mutum yake samo yarda da cewa zai iya wani aiki. Ya ce kafofin huɗu ne: abin da mutum ya taɓa yi da hannunsa ya yi nasara, ganin wani irinsa ya yi, ƙarfafawar baki daga mutane, da yanayin jiki kamar faɗuwar gaba ko natsuwa. Ya gwada hakan a kan mutanen da suke matuƙar tsoron maciji. Wasu an bar su suna kallon wani yana riƙe macijin marar dafi, wasu kuma an bi da su mataki-mataki, su matso kusa da kejin, su taɓa shi da safar hannu, daga baya su riƙe shi da hannu tsirara. Masu kallo sun samu sauƙin tsoro, amma waɗanda suka taɓa da kansu sun yi musu nisa. Fim yana ba ka kafa ta biyu ne, wato gani, kuma wannan aro ne. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, shi ya sa safiya take tarar da kai a tsiraice.

Duk da haka kada ka raina aron, domin an auna amfaninsa. A 2016 wata mai bincike daga Jami'ar Oxford, Emma Riley, ta kai ɗaliban sakandare kimanin 1,500 sinima a Kamfala, babban birnin Yuganda, gab da jarrabawar ƙasa. An raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, kashi ɗaya suka kalli wani fim na almara da bai shafi rayuwarsu ba, ɗayan kuma suka kalli Queen of Katwe, labarin gaskiya na Phiona Mutesi, yarinyar da ta taso a unguwar talakawa ta Katwe tana tallar masara, ta fara zuwa wurin koyon wasan ces, wato darar Turawa, saboda kunun da ake rabawa, har ta wakilci ƙasarta a gasar duniya a Rasha a 2010. Da sakamako ya fito, an ga waɗanda suka kalli labarin Phiona sun fi tsallake faɗuwa a lissafi, kuma 'yan mata da ɗaliban da suke baya a aji su ne suka fi amfana. Abu biyu nake so ka riƙe daga nan. Yarinyar da suka gani 'yar garinsu ce, tana bin irin lungunan da suke bi, ba jarumin da yake dukan mutum talatin shi kaɗai ba. Sannan jarrabawar tana gabansu kuma littattafansu suna hannu, don haka zafin da fim ya sa musu ya samu wurin zuwa kafin ya huce.

Ba ni da faɗa da fina-finan Indiya, ni ma an ci ni tara da yawa a gida saboda su ina yaro. Amma suna da wata dabara da ya kamata ka gane. Shekarun wahalar jarumi, waɗanda su ne ainihin labarin, ana naɗe su a cikin waƙa ɗaya ta minti biyar: ka gan shi yana gudu da asuba, yana karatu a ƙarƙashin fitilar titi, yana ɗaukar buhu, kafin waƙar ta ƙare ya zama gwani. Kai yanzu a tsakiyar wannan waƙar kake, kuma taka ba a yi mata kiɗa ba, watanni ne na zama da littafin lissafi a ɗaki mai zafi. Idan ka auna kanka da ƙarshen fim za ka ga kamar ka gaza, alhali wurin da kake shi ne wurin da mai shirya fim ya tsallake don kada 'yan kallo su gaji.

Gem kuma yana da abin da fim ba shi da shi, domin a cikinsa kai ne mai yi. Ka tuna sau nawa bos ɗin wani mataki ya kashe ka kafin ka wuce shi. Ban taɓa jin matashin da ya faɗi sau ashirin a gem ya ce shi daƙiƙi ne ba, sai dai ya ce ya gano inda yake kuskure, ya sake. Amma mutumin nan ɗaya ya faɗi jarrabawa sau biyu ya yanke wa kansa hukunci. Gaskiya ne cewa an gina gem ne don a ci shi, kuma faɗuwa a cikinsa ba ta cin kuɗin fom ko shekara guda, don haka ba daidai suke da rayuwa ba. Abin da za ka ɗauko daga can shi ne tsarin: ƙaramin mataki, sakamako nan take, da ƙirga ci gaba. Jarrabawar da kake fuskanta tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci da 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Ka ɗauki tambayoyi 40 na shekarun baya a darasin da ya fi ba ka wuya, ka sa agogo, ka amsa, ka duba, ka rubuta makin a bangon littafi da kwanan wata. Ka yi haka da safe, sannan fim ya zama ladan dare. Daga 158 zuwa 171 ma hawa ne, ko da bai kai ba. Bayan mako uku ka kai wa mahaifinka wannan shafin ya gani da idonsa, domin ba wayar ce take ɓata masa rai ba, rashin ganin motsi ne.

Tambaya: Malam, ɗiyata 'yar shekara 15 ba ta da yawan magana, kuma tun da muka sauya unguwa ta ƙara shiga ɗaki. Akwai wani gem da take yi na wata yarinya mai hawan dutse, ta ce min idan tana yinsa takan ji ita ma za ta iya jure abin da yake damunta. Ina tsoron kada ya zame mata jaraba. In ƙwace wayar ne? Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, kada ki fara da ƙwacewa. Yarinyar da ba ta magana ta buɗe baki ta gaya miki akwai abin da yake damunta, kuma ta bi ta kan gem ne domin ya fi mata sauƙi ta yi zancen wata yarinya da ke kan dutse fiye da ta yi zancen kanta. Ki zauna kusa da ita wata rana bayan la'asar, ki ce ta nuna miki, ki tambaye ta me yarinyar take gudu, me take nema a saman dutsen. Amsar da za ta ba ki rabinta labarin kanta ne.

Likitoci ma sun yi amfani da wannan hanya. A Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan an ƙirƙiri wani gem mai suna SPARX, mai matakai bakwai, wanda yake koya wa matasa dabarun fuskantar munanan tunani, kuma gwajin da aka wallafa a 2012 a kan matasa 187 ya nuna cewa ga masu ciwon damuwa marar tsanani, amfaninsa bai gaza na kulawar da aka saba bayarwa ido da ido ba. Wannan gem ne da masana suka tsara don magani, ba kowane gem na kasuwa ba, amma ya isa ya nuna cewa abin da ɗiyarki ta faɗa ba shirme ba ne.

Tsoronki kuma yana da tushe. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka, kuma alamomin da ta bayyana su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita gem a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin illar, yawanci na tsawon wata 12. Yawan awanni kaɗai ba shi ne ma'auni ba. Ki duba barcinta, cin abincinta, sallarta, makaranta da Islamiyya. Idan waɗannan suna tafiya, ku yi yarjejeniyar lokaci, wayar ta kwana a ɗakinki, ki kuma nema mata ƙawa ko ɗaya a sabuwar unguwar, ko da ta hanyar aikenta gidan maƙwabta ne. Idan kuwa kika ga ta daina cin abinci, tana yawan kuka, ko ta furta cewa ta gaji da rayuwa, to wannan ya wuce zancen waya, ki kai ta asibiti a ga likita a cikin makon nan.