Amsa kan canza taimin bel a gida da yadda ake ɗaure shi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ƙanena da ya yi tambaya jiya da daddare, na saurari muryarka. Ka ce Camry ce ƙirar 1999 mai inji 2.2, taimin bel ɗinta ya isa canji, kana da kayan aiki a gida kuma kana so ka yi da hannunka, sai dai abin da ke ba ka tsoro shi ne saita maki da sanin ko ɗaurin bel ya yi daidai. To ka ba ni kunnenka, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Da farko ka san aikin bel ɗin. Shi ke haɗa karanshaf na ƙasa da kamshaf na sama. Karanshaf ya zagaya sau biyu, kamshaf ya zagaya sau ɗaya, ta haka bawul ke buɗewa da rufewa daidai da hawa da saukar fistin. Haƙori ɗaya ya goce, mota za ta tashi amma ba ƙarfi, ga karkarwa, ga shan mai. Sa'ar da ka yi, injinka 5S-FE yana cikin waɗanda ko bel ya tsinke fistin ba ya bugun bawul, mota za ta mutu ne kawai a inda take. Masu Honda Accord ba su da wannan rangwame. A nasu injin, fistin da bawul hanya ɗaya suke ratsawa, lokaci ne kawai ke raba su, bel na tsinkewa bawul sun lanƙwashe, sai an sauke tof, wato kan inji. Kai kuma mai Camry 2.4 ko Corolla mai inji 1ZZ, wannan magana ba taka ba ce, sarƙa ce a injinka.

Kada ka sayo bel shi kaɗai. A wannan injin, bel ɗin ne ke juya famfon ruwa da famfon baƙin mai, kuma yana bi ta kan fuli biyu marasa haƙora, ɗaya kafaffe, ɗaya mai sifirin wanda shi ne tenshona, mai ɗaure bel. Sayi duka biyun, da sabon sifirin, da famfon ruwa da gasket ɗinsa, da oyil sil, wato robar hana mai ɗiga, na kamshaf da na karanshaf da na famfon mai. Dalili kuwa, sau da yawa ba bel ne ke fara mutuwa ba. Boris ɗin tsohon fuli ne ke cijewa ya yanke sabon bel, ko sil ya riƙa ɗigo da mai, mai kuwa cin roba yake har haƙora su zube. Tunda ka riga ka buɗe wurin, kammala komai lokaci ɗaya. In ka karɓi sabon bel, kada ka naɗe shi ko ka lanƙwasa shi sosai don ya shiga jaka. Akwai zare a cikinsa, in ya karye ido ba zai gani ba.

Kayan aiki: soket lamba 10, 12, 14 da 19, dogon hannu na ƙara ƙarfi, jak da ƙafafun tokare mota, guntun katako, abin zaro fuli, ƙaramin madubi, farin fenti, da sifanar awo wadda ke nuna ƙarfin ɗauri. Wannan ta ƙarshen in ba ka da ita ka aro.

Yauwa. Bari inji ya huce sarai. Cire kan batir na ɓangaren negatif. Ɗaga gaban mota, tokare ta da ƙafafu, kada ka shiga ƙarƙashinta jak kaɗai na riƙe da ita. Cire tayar gaba ta dama da robar da ke bayanta, za ka ga fulin karanshaf. Sauke bel ɗin altaneta da na sitiyari. Cire fulogi duka huɗu, don inji ya juyu da hannu ba tare da matsin iska ya dame ka ba. Sannan ka sa jak a ƙarƙashin kaskon mai, katako a tsakani, ka ɗan ɗauke nauyin inji kafin ka kwance kujerarsa ta dama. Sai murfin taimin na sama.

Babban bol na fulin karanshaf, shi ne ke karya gwiwar mutane. Sassauta shi tun kafin ka saita maki, don wajen fama da shi inji zai motsa. Riƙe fulin da abin riƙe shi, kada ka yi ƙoƙarin tokare kamshaf ka ce bel zai riƙe maka. Akwai dabarar nan ta jingina dogon hannu da jikin mota a taɓa kii, sitata ta ɓalle bol ɗin. Ni ba na ba wanda bai saba ba wannan shawara, ƙarfen na iya kuɓucewa ya yi ɓarna. Masu tsohuwar Honda mai silinda huɗu kuwa kada ma ku gwada, injinku hagu yake juyawa, ƙara ɗaure bol ɗin za ku yi.

To ga maki. Mayar da bol ɗin da hannu, ka juya karanshaf ta dama, yadda hannun agogo ke tafiya, har tsagar da ke bakin fuli ta tsaya kan sifili a jikin murfin ƙasa. Sai ka duba sama. Fulin kamshaf yana da ɗan rami, ka leƙa ta ramin da madubi da tocila, za ka ga alama a jikin murfin boris na bayansa. In ka gan ta, fistin silinda ta ɗaya yana ƙololuwa a lokacin matsi, ka samu wurinka. In ba ka gan ta ba, ƙara zagaye ɗaya cikakke. Mutane da yawa nan suke ruɗewa, sun manta sifilin ƙasa sau biyu yake zuwa kafin na sama ya zo sau ɗaya. Ka ɗiga fenti a makin sama da na ƙasa, ka ɗauki hoto da waya.

Yanzu sassauta bol ɗin tenshona, ka tura fulin baya ya saki bel, ka ɗan ɗaure shi a can ya tsaya. Zame bel daga kamshaf. Zaro fulin karanshaf da abin zarowa, ban da guduma, ban da sa sukudireba biyu a banƙara, don abin da ke bayansa alminiyom ne, gidan famfon mai. Cire murfin ƙasa. Akwai wani siririn faifai a gaban haƙoran karanshaf da ke hana bel zamewa waje, lura da yadda yake zaune, bakinsa da ya buɗe waje yake kallo. In aka juya shi, gefen bel zai riƙa ci. Ɗora tsohon bel kan sabo, ka ƙirga haƙora, ka gwada faɗi da siffar haƙorin. In sun saɓa, tsaya nan, mayar da sabon inda ka sayo shi.

Zuƙe ruwan lagireto kafin ka taɓa famfon ruwa. Canza famfon, canza sil, ka shafa wa leɓen kowane sil ɗan mai, ka tura shi a miƙe har ya yi daidai da bakin gidansa. Bayan nan goge ko'ina ya bushe ƙarau, haƙoran fuli duka. Kafaffen fuli a ɗaure shi Nm 42, wato awon ƙarfin ɗauri da sifanar awo ke nunawa. Tenshona a sa shi da sabon sifirin, a tura shi baya a ɗan ɗaure kamar ɗazu.

Wajen sa bel ne ake cin jarrabawa ko a faɗi, don haka ka natsu. Fara daga haƙoran karanshaf, ka bi da shi ta famfon mai da tenshona a gefe ɗaya, kafaffen fuli da famfon ruwa a ɗaya gefen. Mayar da faifan nan, da murfin ƙasa, da fuli, ka tabbata tsagar tana kan sifili. Sannan ka ɗora shi kan kamshaf ta yadda ɓangaren famfon ruwa zai miƙe tsaf, ba saki ko kaɗan. Duk sakin da ya rage ya taru a ɓangaren tenshona. Me ya sa? Saboda ta ɓangaren famfon ruwa karanshaf ke jan kamshaf. In ka bar saki a can, da zarar inji ya juya karanshaf zai fara cinye sakin kafin kamshaf ya motsa, makin da ka gani daidai ya koma baya da haƙori guda. In bel ya ƙi hawa, kada ka sa sukudireba ka ɗana shi. Koma ka duba tenshona, bai ja baya sosai ba.

Ɗauri kuma, ƙanena, ba ƙarfin hannunka ne zai yi shi ba, sifirin ne. Sassauta bol ɗin tenshona rabin zagaye, za ka ga fulin ya faɗa kan bel da kansa. Juya karanshaf ta dama a hankali sau biyu cikakku, daga sifili zuwa sifili. Duba maki sama da ƙasa. In ba su haɗu ba, sauke bel ka sake, ba wata dabara. In sun haɗu, ci gaba da juyawa zagaye ɗaya da bakwai bisa takwas, wato ka tsaya kafin ka cika na biyu, inda tsagar fuli za ta haɗu da alamar digiri 45 da ke jikin murfin ƙasa. A nan kamshaf ke turjewa, ɓangaren famfon ruwa ya miƙe, sakin duka ya koma wajen sifirin. A daidai wurin za ka ɗaure bol ɗin tenshona Nm 42. In ka wuce alamar, kada ka dawo baya, zagaya ka sake zuwa. Komawa baya na mayar da saki inda ba a so.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga kamar sifirin ya yi laushi, ya sa ƙarfe ya ƙara danna fulin kafin ya ɗaure. Bel da ya ɗauru fiye da kima kuka yake kamar fito, kukan na ƙaruwa in an taka totur, kuma yana kashe boris ɗin famfon ruwa da na fuli da wuri. Wanda ya yi sako-sako kuma za ka ji yana dukan murfi, wata rana wajen tayar da mota ya tsallake haƙori. Maganar murɗa bel da yatsa biyu a ga ko ya kai kwata, wannan ta injinan da ake saita tenshonarsu da hannu ce, irin tsohuwar Golf. Ba awon injinka ba ne.

Masu Accord 2.2 da 2.3, naku ta hagu ake juyawa. Bayan maki ya zauna, a sassauta notin tenshona, a juya ta hagu gwargwadon haƙora uku na fulin kamshaf, a ɗaure Nm 44. Kuma kuna da ƙaramin bel na biyu mai juya sandunan hana girgiza, shi ma da nasa makin, in ya kauce mota za ta riƙa rawa. Babban bol ɗinku Nm 245 ne. Masu V6 da tenshonarsu ta mai ce, in za a mayar da tsohuwar, a matse sandarta a bais, wato abin matse ƙarfe na teburin makanike, sannu a hankali, cikin mintuna, a soka fil ya riƙe, kada a zare fil ɗin sai bel ya zauna kan makinsa.

Mu koma kan Camry. Ɗaure babban bol Nm 108, mayar da murfin sama da robar bakinsa, kujerar inji, sauran bel, fulogi, taya. Zuba ruwan lagireto, ka tayar da mota da murfin lagireto a buɗe har kumfar iska ta gama fita, ka cike, ka rufe. Saurari inji yana sulo, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigon ruwa ko mai. Rubuta kilomita da kwanan wata ka manna a murfin taimin, don bel yana tsufa da shekaru ko da mota ba ta yawo, littafin motar zai gaya maka wa'adinsa.

Kafin ka rufe murfin sama, turo hoton makin nan biyu cikin guruf bayan ka yi zagaye biyun, a duba maka tukuna ka sa kii. Allah ya ba da sa'a. Wassalam.