Buhun da ba a kwance ba

Jiya ina alwalar la'asar a bakin maƙera ka tare ni da tambaya: "Baba, wani ɗan gwangwan ya kawo buhu uku na goran ruwa (alminiyum) a ɗaure, ya ce sauri yake yi, in ɗora a sikeli in biya. Da araha sosai. In saya?" Na yi maka shiru ne don ka sosa mini tsohon miki. Tunda ku yaran yanzu ba ku jin magana sai ta cikin waya, na sa jikana ya rubuta maka.

Ka sha ganin tabon da ke hannuna na dama, daga wuyan hannu har gwiwa, ba ka taɓa tambaya ba. Buhun da ba a kwance ba ne ya yi mini shi.

A 1987, shekarar da aka raba mu da Kaduna aka ba mu jihar Katsina, wata hajiya daga wajen Ƙofar Ƙaura ta ba ni aikin farantan ado na jeren 'yarta. Zubi ne, kowanne da dagi a tsakiya, biyu manya kuma ta ce lallai sai da hasumiyar Gobarau. Kwana tara na yi ina sassaƙa samfurin hasumiyar nan a jikin itace, har matakalarta. A duk layin maƙeran fari babu wanda ya isa ya fitar da ita a lokacin, a tambaya a ji. Ta ba ni rabin kuɗi, biki saura mako uku.

Sai ga wani mutum da jaki, buhuna huɗu, bakinsu a ɗinke da igiya. Ya buɗe mini ɗaya kaɗan, na hango fasassun tukwane da fistan na mota, kaya masu kyau. Ya ce daga Jibiya yake, rana na yi masa. Ni kuma idona ya rufe da araha, na zube masa kuɗin hajiya kaf, har na bi shi da goro. Goro fa!

Saman buhu ne kawai na kirki. Ƙasa duk gwangwanaye ne da guntayen bututu da aka ɗura wa jiƙaƙƙen yashi aka buge bakinsu da guduma don su yi nauyi. Washegari wuta ta kama, yaro na kan zuga-zugi, ƙarfe ya narke yana ƙyalli, na ɗauki bututu guda da awartaki na tsoma. Ƙarar da na ji har yau tana kunnena. Goran ruwa ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 660, ruwan da ya tsinci kansa a rufe cikin wannan zafi tururi yake zama nan take, ya watso maka narkakken ƙarfe. Rumfa ta kama wuta, samfurin Gobarau ya ƙone ƙurmus. Wata biyu ban riƙe guduma ba. Hajiya ta kai ni gaban mai unguwa, ban ga laifinta ba, na sayar da kekena da tumaki biyu na biya ta. Shi kuwa mai jaki, na taɓa hango mai kama da shi a hawan sallah wajen Ƙofar Soro, kafin in ratsa dawaki ya ɓace. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To ka ce wa mutuminka ya zazzage a ƙasa, buhu ukun duka. In ya ce sauri yake, hanya ga ta nan.

In ya zazzage, ɗauko mayen ƙarfen nan da na ciro daga tsohuwar lasifika ka bi kayan da shi. Abin da ya manne baƙin ƙarfe ne, irin gwangwanin madara da na tumatir. Kada ka zubar, na fitilar aci-balbal ne da motocin wasan yara, amma ba a kuɗin goran ruwa ba. Abin da bai manne ba kuma ya yi maka nauyi a hannu fiye da girmansa, ba goran ruwa ba ne, wataƙila tutiya ce ko dalma. Dalmar batir kada ta kusanci abin da za a zuba abinci, guba ce. Gwangwanin lemo goran ruwa ne, sai dai ba shi da kauri, ga fenti, datti yake tara maka a saman tukunyar narkawa. In zane mai ƙananan layuka kake so ya fito, nemi fistan, shi ke bin ƙasar zubi lungu-lungu kamar koko. Duk abin da ke da rufaffen ciki, fasa shi, ka gasa a gefen wuta kafin ya shiga.

Yadda ake dama ƙasa da danne ta ba zan ɓata bakina ba. Shekara biyu kana gabana, in ba ka iya ba, ka koma acaɓa. Mu a zamaninmu sai ka shekara kana zuga wuta ba a bar ka ka taɓa awartaki ba, ku kuwa wata uku kun fara ɗaukar hoton aikin maigida kuna sa wa a Facebook kamar naku.

Gobe ka zo da sassafe, gawayi ya ƙare. Kuma ka daina shigo mini wurin zubi da silifas.