Bahon ruwan zafi: na soket ko wanda ake ja wa layinsa?

Malam, ka tambaya wanne ya fi tsakanin bahon ruwan zafi (babban baho mai hita da injin fesa ruwa, wanda ake shiga a zauna a ciki) da ake jona wa soket da wanda mai aikin wuta zai ja masa waya tun daga akwatin wutar gida. Duba hitar tukuna. Na soket hitarsa ƙarama ce, kilowat 1 zuwa 2, don haka daga cika shi zuwa ruwan ya kai digiri 38 yana iya cin yini guda ko fiye. A yawancinsu kuma, da ka kunna injin fesa ruwa da ƙarfi sai hitar ta tsaya, ruwan yana hucewa kana ciki. Da sanyi abin ya fi damun mutum.

Mai layin kansa hitarsa kan kai kilowat 4 zuwa sama, kuma tana aiki tare da injin. In iyali ne za su riƙa shiga kullum, shi nake ba ka shawara, ko da aikin wayar zai ci kuɗi. In gidan haya kake, ɗauki na soket.

Kowanne ka saya, don Allah a sa masa na'urar da ke yanke wuta da zarar wutar ta zuba cikin ruwa, kuma kada ka jona shi da ƙarin waya.