Maɓallin XM a motar kwatano: zai yi aiki a nan kuwa?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka sayi Honda kwatano da aka shigo da ita daga Amurka, ka ga maɓallin XM a jikin rediyonta, kana dannawa ba ya kama komai. Kana son sanin wanne ya fi tsakanin XM da Sirius, wato rediyoyin Amurka biyu da ke watsa shirye-shirye ta tauraron ɗan'adam, kuma wani mai gyaran waya ya ce ka kawo kuɗi ya buɗe maka. Ka kuma ce kawunka ya ba ka labarin WorldSpace, rediyon tauraron ɗan'adam da aka taɓa yi wa Afirka da Asiya. Na yi amfani da duka ukun, WorldSpace a Kaduna kafin in yi tafiya, sauran biyun a shekarun da na yi ina tuƙa babbar mota a Amurka.

Kada ka ba mai gyaran nan ko kwabo. Ba kulle rediyon aka yi ba, balle a buɗe shi. Taurarin XM na asali an girke su ne a sararin samaniya kusan kilomita 36,000 daga ƙasa, ɗaya a digiri 85 yamma, ɗaya a digiri 115 yamma, suna haskawa Amurka da Kanada. Mu nan arewa muna wajen digiri 8 ne gabas. Daga Kano ko Kaduna taurarin nan ba sa ma sararin da ke saman kanmu, doron ƙasa ya kare su, kamar yadda rana take ɓacewa bayan magariba. Ko eriya mai girman rumbu ka kafa babu abin da za ta kama. Wani maƙwabcina ya biya irin wannan kuɗin, aka kwance masa gaban mota kwana biyu, aka mayar, ƙarshe ko FM ɗin da yake ji sai da ya koma shuuu.

Batun wanne ya fi kuma, yanzu kamfani ɗaya ne. XM ya fara watsa shirye-shirye a watan Satumbar 2001, Sirius ya game Amurka a watan Yulin 2002, suka yi ta gasa suna zubar da kuɗi har suka haɗe a watan Yulin 2008 suka zama SiriusXM. Amma lokacin da suke rabe akwai bambanci na gaske, kuma mu direbobi mun sha musu a kai a wuraren hutawa.

XM ya fi araha da farko, dala 9.99 a wata, Sirius kuma dala 12.95. Ta fuskar kiɗa ni na fi son XM, domin masu zaɓen waƙoƙinsa suna tono tsofaffin abubuwan da ba ka ji a ko'ina, kuma kowane zamani da tasharsa, daga waƙoƙin shekarun 1940 har na 1990. Sirius ya fi bugun ƙirji da manyan sunaye. Shi ya sayi izinin watsa gasar NFL, wato ƙwallon Amurkawa na runguma, sannan ya ɗauko Howard Stern, mai shirin hira da ya fara a can a Janairun 2006 kan yarjejeniyar da aka ce ta kai dala miliyan 500 a shekara biyar. XM ya riƙe gasar besbol, ya kuma kawo tashar Oprah Winfrey. Ka ga duk abinci ne da aka dafa don bakin Ba'amurke. Ni abin da ya riƙe ni shi ne BBC World Service da tashar direbobin manyan motoci mai ba da labarin hanya da yanayi, daga baya kuma tashar ƙwallon ƙafa. Hausa dai babu ita ko kaɗan.

Inda abin yake da daɗi shi ne a doguwar hanya. Idan ka hau babbar hanyar I-80 ka ratsa Nebraska ka shiga Wyoming, za ka yi awanni ba ka ga gari ba, tasoshin FM suna zuwa suna wucewa kamar kasuwar ƙauye. Na tauraro kuwa shirin da ka kunna da asuba shi za ka ci gaba da ji har dare, murya tas. A irin wannan hanyar Sirius na da ya ɗan fi, saboda taurarinsa uku ba a tsaye suke wuri guda ba, zagaye suke yi mai tsawo, kusan kullum akwai ɗaya a can saman kai, don haka dutse ko dogon itace bai cika tare shi ba. XM yakan ɗauke idan tsauni ya tsaya maka ta kudu, amma a cikin birane ya fi ƙarfi, domin ya kafa na'urori masu yawa a ƙasa da ke maimaita siginar tsakanin dogayen benaye. Dukansu idan ka shiga ƙarƙashin gada mai faɗi ko ramin dutse sai su yi shiru na ɗan lokaci.

Akwatunansu ma ba sa jituwa. Rediyon XM ba ya kama Sirius, na Sirius ba ya kama XM, kowanne ya raba kamfanonin mota. A lokacin, Honda da General Motors suna ɓangaren XM, Ford da Chrysler suna ɓangaren Sirius. Shi ya sa taka ta zo da XM. Ni nawa ƙaramin akwati ne da ake ɗorawa a gaban mota, da eriya mai maganaɗisu da nake mannawa a rufi, in na sauya mota in cire abuna.

To, WorldSpace da kawu ya ambata, wannan shi ne namu, kuma har yau ina jin zafin rashinsa. Noah Samara, haifaffen Habasha, ya kafa kamfanin a 1990 da niyyar isar da ilimi da labarai ga Afirka da Asiya. An harba tauraron AfriStar a watan Oktoban 1998 aka tsayar da shi a digiri 21 gabas, shirye-shirye suka fara a 1999, sai AsiaStar ya biyo baya a 2000. Hitachi da JVC da Panasonic da Sanyo ne suka ƙera akwatunan farko. Nawa Hitachi ne. Eriyarsa 'yar faifai ce da ba ta wuce tafin hannu biyu ba, da waya mai tsawo, nakan ɗora ta a kan katanga ta kalli sama ta ɗan karkata kudu maso gabas. Ranar da na fara kunna BBC a kansa, mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, wanda ya shekara arba'in yana murɗa gajeren zango yana kasa kunne cikin ƙugi, ya ce kamar mai labaran yana zaune a zaure. Ruwan sama ma bai cika damunsa ba, saɓanin dish ɗin talabijin da hadari ke ɗaukewa, domin zangon da yake amfani da shi, wajen megahaz 1,500, yana ratsa gajimare.

Abin da ya kayar da shi a ganina kuɗi ne. Akwatin ya yi tsada ƙwarai ga mutanen da aka yi shi dominsu, manomin da yake sayen rediyo mai batir biyu ba zai iya ba. Da aka koma biyan kuɗin wata ga yawancin tasoshi, lokacin kuma FM masu zaman kansu suna buɗewa a garuruwanmu da harshen gida kyauta, irin Freedom a Kano, sai mutane suka bi inda ake magana da su. Kamfanin ya bayyana karyewa a watan Oktoban 2008, a Indiya inda ya fi masu saurare aka rufe a ƙarshen 2009. Idan ka ga akwatinsa a kasuwar 'yan gwangwan, Hitachi ɗin yana da FM da matsakaicin zango da gajeren zango, saye shi don waɗannan kawai.

Yau idan rediyon tauraro kake so a gida, yana cikin dikodarka. Yawancin dikodar kyauta irin Strong suna da maɓallin da ke sauyawa daga talabijin zuwa rediyo, kuma mutane da yawa ba su taɓa danna shi ba. Idan dish ɗinka yana kallon Nilesat ko Arabsat za ka tarar da tasoshin karatun Alƙur'ani da na labarai. DStv ma yana da jerin tasoshin sauti, har da BBC. Sai dai wannan na ɗaki ne, ba ya bin ka a hanya. Manhajar SiriusXM ta waya kuma ta mazauna Amurka da Kanada ce.

A motarka akwai abu guda da ya kamata ka duba, wanda ya fi XM muhimmanci. Rediyon Amurka a FM yana tsalle ne 99.1, 99.3, 99.5, don haka tashar da lambarta ta ƙare da 2 ko 4 ko 6 ba za ta fito sosai ba. A matsakaicin zango kuma yana tafiya goma-goma, mu namu tara-tara ne, shi ya sa Rediyon Kaduna a 594 ba zai zauna daidai ba. Kuɗin da za ka ba mai buɗe XM, ka ƙara kaɗan ka sa rediyo mai bin lissafinmu wanda ke da Bluetooth, kafin ka kama hanyar Abuja ka sauke shirye-shiryen da kake so a waya tun daga gida, domin akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa.