Amsa ga ƙaninmu da ake son a mayar lamba 3

Ƙanena, ka ce shekararka 19, kana buga zari-ruga a ajin matasa na wani kulob a Faransa, koci yana so ka bar lamba 1 ka koma lamba 3 a sahun gaba na sikiram (turereniyar da 'yan gaban ɓangarorin biyu ke yi kafaɗa da kafaɗa), ka kuma ƙara kilo goma kafin kakar wasa ta fara. Wallahi zuciyata ta sosu, don na san wannan matsin.

Ka karɓa, amma da sharaɗi. Lamba 3 nagari ba su da yawa, kulob-kulob na Top 14 da Pro D2, manyan gasannin Faransa biyu, kullum nemansu suke. Sai dai aikin daban ne. A lamba 1 kanka yana waje, kafaɗa ɗaya ke shan nauyi. A lamba 3 kanka zai shiga tsakanin lamba 1 da lamba 2 na abokan hamayya, mutum biyu a wuyanka. Ka riƙe kafaɗar dama ƙasa, bayanka a miƙe, kafaɗu kada su sauka ƙasa da ƙugu. Da ka ɗaga ƙirji, lamba 1 zai shige ƙarƙashinka ya ɗaga ka. Hannun damanka ta wajen hannunsa na hagu, ka kama riga a baya ko gefe, ban da hannun riga, alƙali zai busa.

Kilo goma a ɗan lokacin nan yawanci kitse ne. Rabin kilo a mako ma ya yi yawa wani lokacin. Furotin giram 1.6 zuwa 2 ga kowane kilo na jikinka a rana, atisayen wuya sau uku a mako.

Abin da ke ƙona min rai shi ne kocin da zai ga yaro hannunsa ya mutu daga wuya har yatsu, ko yana ganin jiri, ya ce masa "daure". Daure me? Matt Hampson, ɗan wasan Ingila, yana da shekara 20 sikiram ya rushe a kansa a atisaye a 2005, har yau yana kan keken guragu. Steve Thompson ya ci Kofin Duniya da Ingila a 2003, daga baya ya ce bai tuna wasan ba saboda bugun da ya sha a ka. Kocin nan gobe yana wani kulob, kai kuma wuyan naka ne. In ka bugu a ka, ka fita, ka ga likita, komai za a ce.

Kuma ka duba matsayinka na JIFF, wato ɗan wasan da ake lissafa shi a matsayin wanda aka horar a Faransa, kafin ejan (wakilin 'yan wasa) ya ja ka wani wuri, kaka uku a cibiyar horon kulob ake so. Kada ka bar karatu. Allah Ya tsare mana kai.