Shin mai digiri zai iya dogara da aikin kamun ƙafa a majalisa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na karanta kimiyyar siyasa a jami'a, na kuma gama hidimar ƙasa. Ina sha'awar aikin hulɗa da gwamnati da kamun ƙafa a majalisa, irin wanda mutum ke wakiltar kamfani ko ƙungiya a gaban masu yin doka. Mahaifina yana ganin dillancin cin hanci ne aka sauya wa suna. Ni kuma ba 'yar kowa ba ce, ban san sanata ko minista ba. Akwai makoma a wannan aiki? Kuma dole sai na yi digiri na biyu a waje kafin in samu shiga? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata.

Akwai makoma, kuma rashin sanin manya ba shi zai hana ki ba. Bari in daɗe a kan wannan, domin nan ne matasa da yawa ke karaya tun ba su fara ba.

Majalisar Tarayya tana da sanatoci 109 da wakilai 360. A zaɓen 2023 fiye da rabinsu ba su dawo ba, kuma ba a ranar aka fara ganin haka ba. Wanda duk jarinsa lambar wayar shugaban kwamiti ce, bayan shekara huɗu sai ya wayi gari jarin ya karye. Amma ƙa'idojin zaman majalisa ba sa faɗuwa zaɓe. Akawun kwamiti yana nan, daraktocin ma'aikatu suna nan, matsalar wutar lantarki ko ta takin zamani ita ma tana nan. Wanda ya san waɗannan, sabon shugaban kwamiti ne zai neme shi, don shi ma yana buƙatar mai yi masa bayani.

Ki fara da sanin hanyar da ƙuduri ke bi, har ki iya faɗinta ba tare da duba takarda ba. Karatu na farko gabatarwa ce kawai. A karatu na biyu ake muhawara kan manufarsa, daga nan a miƙa shi ga kwamiti. Kwamiti ya kira zaman sauraron ra'ayin jama'a, ya rubuta rahoto, zaure ya bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku, a aika wa ɗaya zauren. In an samu saɓani tsakanin zaurukan biyu sai a kafa kwamitin daidaitawa. Sashe na 58 na kundin tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Mafi yawan aikinmu a matakin kwamiti yake. Wanda ya zo ranar karatu na uku yana neman gyara, ya makara.

Ki halarci zaman sauraron ra'ayin jama'a ko sau ɗaya, za ki gane abin da nake nufi. Ɗaki cike, shugaban kwamiti yana duba agogo, kowace ƙungiya 'yan mintuna ake ba ta. Wani zai tashi ya ƙare lokacinsa a gaisuwa da yabon shugabanni, a karɓe abin magana bai faɗi komai ba. Wata kuma za ta miƙa takarda shafi biyu: ga lambar sashe, ga yadda aka rubuta shi, ga yadda muke so ya koma, ga dalili, ga adadin mutanen da abin zai shafa da inda muka samo adadin. Idan akawu ya zauna haɗa rahoto, takardar nan zai jawo, domin ta rage masa aiki. Rubuta irin wannan takarda shi ne ƙashin bayan sana'ar. Sauran aikin kuwa bin jadawalin majalisa ne kullum, karanta daftarin dokoki da kasafin kuɗi, sanar da wanda kike wakilta abin da ke tafe, da haɗa kan masu buƙata iri ɗaya su yi magana da murya guda.

Dokar Masana'antar Man Fetur, wadda aka sa wa hannu a watan Agusta 2021 bayan kusan shekara ashirin ana ja-in-ja, ta nuna yadda lamba ɗaya ke da nauyi. Al'ummomin da ake haƙo mai a yankinsu sun nemi a ware musu kashi 10. Majalisar Wakilai ta amince da kashi 5, Majalisar Dattawa ta tsaya a kashi 3 na kuɗin da kamfanoni ke kashewa wajen gudanar da aiki, kuma a wajen daidaitawa kashi 3 ɗin ne ya tsira. Kamfanonin mai, gwamnoni, ƙungiyoyin ƙwadago, sarakunan yankin, kowa ya kama ƙafa iya ƙarfinsa.

Kada kuma ki ɗauka sai masu kuɗi. Matasan da suka yi fafutukar rage shekarun tsayawa takara, da ƙungiyar YIAGA a gaba, ba su da rijiyar mai. Sun samu Tony Nwulu ya ɗauki nauyin ƙudurin a Majalisar Wakilai, Abdul'aziz Nyako a ta Dattawa. Da yake gyaran tsarin mulki ne, sai da suka bi majalisun jihohi, don ana buƙatar amincewar aƙalla 24 daga cikin 36. Suna lissafin wa ya yarda, wa ya ƙi, suna wallafawa. Ranar 31 ga Mayu 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu: shekarun takarar Majalisar Wakilai da ta jiha suka sauko daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Wannan ma kamun ƙafa ne, kuma mai tsabta.

Maganar Baba kuwa, kada ki yi musu da shi, yana da hujja. Akwai masu ɗaukar jaka su kai, su kira kansu masu hulɗa da gwamnati. Ba a nan kaɗai ba. A Amurka an ɗaure Jack Abramoff a 2006, shi da ake ganin babu kamarsa a harkar. A Ingila ɗan majalisa Owen Paterson ya yi murabus a 2021 bayan an same shi da yi wa kamfanonin da ke biyansa kamun ƙafa. Bambancin shi ne can akwai rajista. Dokar Amurka ta 1995 ta wajabta wa mai wannan sana'a ya yi rajista, kuma yanzu duk wata uku yana bayyana wa yake wa aiki, kan wane batu, nawa aka biya. Da haka aka san cewa abin da ake kashewa a matakin tarayya ya haura dala biliyan 4 a shekara. Ingila ta yi tata dokar a 2014, kodayake ta tsaya a kan masu aikin kwangila, ta bar ma'aikatan cikin kamfani. Tarayyar Turai ma tana da rajista tun 2011. Najeriya an gabatar da ƙuduri irin wannan amma bai zama doka ba, shi ya sa mai gaskiya da mai jaka suke shiga ƙofa ɗaya, jama'a ba sa iya bambance su. A ganina wannan giɓi ya fi cutar da masu gaskiya.

Tunda doka ba ta shata miki iyaka dalla-dalla ba, ke za ki shata wa kanki. Ki faɗi wa kike wakilta tun a gaisuwar farko. Kada ki ba ɗan majalisa adadin da kika san ba daidai ba ne, domin ranar da ya karanta shi a zaure aka ƙaryata shi, kin gama yawo a wannan gini. Kada ki kai kuɗi, ko kujerar Hajji, ko gurbin aiki ga ɗan wani don a sauya sashe. Dokar ICPC ta 2000 ta hana, kuma in kamfaninki yana da alaƙa da Amurka ko Ingila, dokokinsu na hana cin hanci na 1977 da 2010 suna iya biyo shi har nan. Addini ma ya raba mana abin: sa baki don biyan buƙatar wani ta halal abin lada ne, mai ba da rashawa da mai karɓa kuwa an la'ance su. Ki nuna wa Baba irin takardar shafi biyun nan, ki ce masa wannan ce hajarki. Kuma ki sa a ranki cewa wata rana za ki ƙi wani aiki saboda wannan iyaka, alhali kina buƙatar kuɗinsa.

Ƙofofin shiga suna da yawa. Mafi kusa ita ce zama hadimar ɗan majalisa mai taimaka masa da bincike da rubutu, a Abuja ko a majalisar jiharki. Albashin bai taka kara ya karya ba, aikin kuma yana ƙarewa da wa'adin maigidan, amma abin da za ki koya a shekara biyu babu ajin da zai ba ki. Akwai ƙungiyoyin farar hula masu bin diddigin majalisa kamar PLAC da CISLAC. Akwai ƙungiyoyin 'yan kasuwa irin su MAN ta masu masana'antu, NACCIMA, NECA da NESG. Kamfanonin sadarwa, bankuna da na mai suna da sashen hulɗa da hukumomi, kuma su sun fi mu'amala da hukumar sadarwa ta NCC, Babban Banki, NAFDAC ko hukumar lantarki ta NERC fiye da majalisa, don ƙa'idar da hukuma ta fitar a mako guda tana iya girgiza kamfani fiye da doka. Nan ne albashi ya fi kauri, amma ba kasafai suke ɗaukar wanda bai taɓa aiki ba. Aikin jarida a majalisa shi ma hanya ce mai kyau.

Ko ta ina kika shiga, ki zaɓi fanni ɗaya ki nutse a cikinsa: haraji, lafiya, noma, lantarki, ilimi. Digirin kimiyyar siyasa shi kaɗai dubban mutane ke riƙe da shi. Wadda ta san dokar lantarki ta 2023 da yadda ta buɗe wa jihohi damar kafa kasuwar wutarsu, ita ba ta da yawa.

Digiri na biyu ba sharaɗi ba ne, kuma ban ba ki shawarar ki ci bashi ko a sayar da gona don zuwa waje ba. Wannan sana'a tana manne da ƙasa. Wanda ya ƙware a majalisar Landan, in ya dawo Abuja sai ya sake koyo, kuma kamfanonin can sun fi son wanda ya yi aiki a ofishin ɗan majalisarsu. Ki yi aiki shekara biyu ko uku tukuna, ki gano inda kike da rauni. In lissafin tattalin arziki ne, ki karanta manufofin gwamnati ko tattalin arziki. In rubuta doka ne, cibiyar NILDS ta Majalisar Tarayya a Abuja tana ba da digiri na biyu tare da Jami'ar Benin. In kuma tallafin karatu ya samu, irin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda dama sai mai gogewar aiki ta shekara biyu yake nema, to ki tafi da niyyar dawowa. In kin karkata ga ɓangaren hulɗa da jama'a, ki yi rajista da NIPR, cibiyar ƙwararrun masu hulɗa da jama'a ta Najeriya.

Akwai dalilin da ya sa nake son ganin irinki a wannan fage. Lokacin da aka kai ƙudurorin gyaran haraji majalisa a watan Oktoba 2024, gwamnonin Arewa sun taru a Kaduna sun ƙi amincewa da tsarin rabon harajin kayayyaki. An yi ta muhawara a rediyo da dandalin sada zumunta, amma waɗanda suka zauna suka karanta sassan, suka yi lissafi, suka kawo madadi a rubuce, ba su da yawa. Daga baya an sauya tsarin rabon kafin a sa hannu a watan Yuni 2025, kuma a teburin tattaunawa aka yi sauyin. Manomanmu, makiyaya, 'yan kasuwar Kantin Kwari da Dawanau, duk dokoki suna taɓa su, amma sau da yawa sai abu ya zama doka suke jin labarinsa.

Tun daga wannan makon, ki zaɓi ƙuduri ɗaya da ke gaban majalisar jiharki ko ta tarayya. Ki nemo kwafinsa, ki karanta shi tun daga farko har ƙarshe, ki gano kwamitin da ke riƙe da shi da sunan akawunsa. Ki rubuta shafi biyu da Turanci mai sauƙi, ki yi wani da Hausa don mutanen da abin ya shafa. Idan an sanar da ranar sauraron ra'ayi, ki miƙa naki a rubuce, kowane ɗan ƙasa yana da wannan dama. Ki yi haka a kan ƙudurori biyu ko uku, ki haɗa su da takardar neman aikinki lokacin da za ki tura wa ƙungiyoyin da na ambata.

Allah ya yi jagora, ki gaishe da Baba.