Kisan gilla a Japan: gaskiya ne ko ƙarin gishiri?

Ka tambaya ko labaran kisan da kake gani a YouTube game da Japan gaskiya ne, tunda an san mutanenta da ladabi. Yawancinsu sun faru. Sai dai kisan kai a can bai kai mutum 1 cikin 100,000 a shekara ba, don haka irin wannan kisan gilla kan girgiza ƙasar.

Mallakar bindiga na da wuya ƙwarai, shi ya sa aka fi amfani da wuƙa, wani lokaci kuma wuta. A 2016 wani ya kashe naƙasassu 19 da wuƙa a garin Sagamihara, a 2019 kuma wani ya cinna wa ginin Kyoto Animation, kamfanin finafinan zane, wuta, mutum 36 suka mutu. Wasu mutum huɗu 'yan gida ɗaya da aka kashe a unguwar Setagaya ta Tokyo a Disambar 2000, har yau ba a kama wanda ya yi ba.

Inda masu bidiyo ke ɓatar da mutane shi ne ɗaukar amsa laifi a matsayin hujja. Iwao Hakamada, wani da aka zarga da kisa, ya amsa laifin bayan dogon matsin 'yan sanda, aka yanke masa hukuncin kisa a 1968, kotu ta wanke shi a 2024.

Ka ce kallon ya fara hana ka barci. Ɗan dakata, in abin ya ci gaba ka ga likita.